Famfon da Ya Huce Kafin Manaja Ya Gama Waya

Da asubar Litinin ɗin da abin ya fara, Malam Tukuna yana bayan gareji yana dafa ruwa. Rabin duro ne da ya yanka da hannunsa tun shekarun baya, ya ɗora a kan murhun gas, ya cika shi har wuya, ya tsuguna yana jira. A gefensa, kan tsumma mai tsabta, ga famfunan ruwa na injin guda uku, sababbi fil, ko man da aka shafa musu a masana'anta bai bushe ba. Motocin bas suna jere a fili a kashe. Ban da mai gadi babu kowa.

Ni na same shi a haka, don ni ma bakanike ne a kamfanin bas ɗin, kuma ƙanwarsa nake aure, autar gidansu. Shekara ashirin da ɗaya da auren, 'ya'ya biyar, furfura ta fara cin gemuna, amma har yau Ango yake kirana.

"Ango, ka makara."

"Yaya, ko zakara bai gama miƙa ba."

"Zakara ba shi da mota talatin a wuyansa. Miƙo min wayar can mai ƙugiya."

Shi ne babba a ɓangaren da ke kula da sanyin injin: lagireto, famfon ruwa, tiyo, murfi, fanka. Shekara ashirin da shida yana wurin. Direbobi ne suka laƙa masa sunan Tukuna, domin duk wanda ya zo yana kumfar baki cewa an kawo sabon kaya, a ɗaura masa ya tafi, amsa ɗaya yake samu: "Tukuna." Har sunansa na gaskiya ya ɓace a garejin. Takardar ofis kaɗai ta riƙe shi.

Ba ya ɗaura sabon abu sai ya gwada shi. In lagireto ne, ya toshe bakunansa da roba, ya hura masa iska da famfon keke, ya nutsa shi a baho ya zuba ido. Ƙwayar kumfa ɗaya in ta taso, lagireton ya koma sito. Tiyo kuwa ya lanƙwasa shi biyu ya ga ko zai nuna tsaga, sannan ya haska cikinsa da tocila. Murfi ya danna shi da babban yatsa ya ji ƙarfinsa. Da idona na ga abin da ya zazzago daga cikin kayan da suka fito daga kwali a liƙe: yashi cike da tafin hannu, guntun leda da ya toshe rabin lagireto, sau ɗaya har da yatsan safar hannu na wani ma'aikacin masana'anta da ba za mu taɓa saninsa ba. Bai taɓa yin surutu a kai ba. Ajiyewa yake yi a kan tebur inda mai wucewa zai gani, ya ci gaba da aikinsa.

Ubansu mai faci ne a bakin titi. Tukuna ya tashi hannunsa cikin daron ruwa mai dauɗa yana neman inda robar cikin taya ke fitar da iska, don haka ido ne da ya saba da kumfa tun yana ƙarami. Amma abin da ya mayar da shi haka, Auta ce ta gaya min, shi bai taɓa ɗauko zancen ba. Lokacin da ya fara zama bakanike, babban wansu ya sayi tsohuwar babbar mota, ita ce duk abin da ya mallaka. Tukuna ya ɗaura mata sabon lagireto daga kwali, yana ta alfahari. Ashe akwai huda kamar ta allura a ɗinkin ƙasa. Kwana biyu da fita injin ya ƙone a inda babu gida gaba babu gida baya. Wan nasu ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motocin mutane. Ko sau ɗaya bai ce wa ƙanen nasa "kai ne" ba, kuma Auta ta ce da ya faɗa da ya fi sauƙi.

A gida ma haka yake. Matarsa, da muke kira Maman Likita saboda babbar 'yarsu da ke aiki a kantin magani, takan ce ita ba ta taɓa amfani da sabon bokiti a ranar da ta saya ba. Sai ya cika shi da ruwa ya ɗora a kan jarida ya ga ko takardar za ta jiƙe. "Ni ma," in ji ta, "Allah ne ya sa ba na shiga baho, da sai ya nutsa ni kafin ya kawo ni gidan nan."

To, ga dalilin duron. Famfon ruwa shi ne ke zagayawa da ruwa cikin injin don kada ya ƙone. A cikinsa akwai 'yar farfela a kan sandar ƙarfe. Bel ya juya sanda, sanda ta juya farfela, farfela ta tura ruwa. In farfelar ta saki sandar, daga waje komai yana juyawa lafiya lau, ruwan kuwa yana tsaye wuri ɗaya yana tafasa. Kuma farfela ba ta nuna halinta a sanyi. Sai ta sha zafi irin wanda za ta sha a cikin injin.

Kwalin da aka kawo ranar Asabar famfo goma sha biyu ne, daga wasu sababbin masu kawo kaya. Mai sito ya ba shi uku. Da ruwa ya fara tururi ya zura su ciki da waya, ya jira. Kowane yana da 'yar takarda rawaya a manne a jikinsa, wai shaidar an duba a masana'anta. Kafin minti uku takardun sun ɓalle suna yawo a saman ruwa. Ya ciro na farko, ya danne shi a tebur, ya kama farfelar da tsumma ya murɗa. Ta tsaya cak. Ya ajiye shi dama. Ya ciro na biyu ya murɗa, sai na ga ya tsaya.

"Ango, zo ka taɓa."

Na kama na murɗa. Ta juya a hannuna sumul kamar murfin kwalba, sandar tana tsaye. Na uku ma haka. Ya ajiye su hagu, ya ɗauki mai kyan ya je ya ɗaura wa mota lamba uku, ta fita kafin bakwai da rabi.

Yanzu bari in faɗi ko wane ne Manaja. Watanni bakwai da zuwansa, daga wani kamfanin rarraba lemo aka ɗauko shi. Ranar farko ya tara mu ya ce mu iyali ɗaya ne, ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Mako na biyu ya kafa farin allo a bangon gareji, ya rubuta wa kowane aiki mintinsa. Canjin famfon ruwa minti hamsin. Wanda ya wuce, sunansa ya hau da jan alƙalami. Tukuna minti tamanin yake yi saboda gwaji, don haka sunansa bai taɓa sauka daga allon ba. Ni dai ban taɓa ganin iyalin da ake rubuta sunan babbansu da ja a bango ba. Motocin da suka fita daga hannunsa ba sa dawowa a jaye, amma wannan ba shi da gurbi a allo. Allon abin da ya ɓata lokaci kawai yake gani.

Ƙarfe takwas Manaja ya shigo, waya a kunne. Tukuna ya sake mayar da famfo ɗaya cikin duro har ya yi zafi sosai, ya naɗo shi a tsumma biyu, ya nufi ofis da sauri. Na bi shi. Ƙofar a buɗe take kuwa, kamar yadda aka yi alkawari. Manaja ya ɗaga masa yatsa ɗaya, alamar ya jira, ya ci gaba da magana. Ya yi dariya, ya juya kujera, ya leƙa taga, ya sake dariya. Tukuna yana tsaye da famfon a hannu. Ina kallon tururin da ke fita daga tsumman yana raguwa har ya daina. Minti ashirin da wani abu.

"Yawwa, Baba Tukuna. Me ke tafe da kai?"

"Yallaɓai, famfunan nan da aka kawo. Uku na gwada, biyu farfelarsu tana sakin sanda."

Manaja ya karɓa, ya kama farfelar ya murɗa. Ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ina matsalar?"

"Ya huce, yallaɓai. Minti biyar za ka ba ni. Duron yana nan baya, ruwan ma bai sauka ba."

"Minti biyar-biyar ɗinka ne suka cika min allo da ja. Baba, waɗanda suka ƙera wannan suna da injiniyoyi, suna da na'urori. Kai rabin duro gare ka."

"Su dubu ke wucewa ta gabansu a rana. Ni uku ne a gabana."

"Lamba bakwai tana kan rami tun Juma'a. A ɗaura mata ta fita."

"Ba zan ɗaura ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke tsummansa ya sa a aljihun baya. Manaja ya dube shi, sannan ya leƙo bayansa ya gan ni.

"Kai fa? Kai ma sai ka dafa?"

Ya miƙo min famfon. Na dubi Yaya, shi kuma yana kallon bango. Zan faɗi abin da na yi ba tare da na yi masa ado ba: na karɓa, na shiga rami, na ɗaura shi a minti arba'in da bakwai. Manaja yana tsaye a kaina har na ɗaure ƙusa ta ƙarshe. Hannun da ya ji farfelar nan tana juyawa da safe, shi ne ya ɗaura ta. Sunana bai hau allo ba ranar.

Direban lamba bakwai Sanƙo ne, mutum mai baki, kansa kamar an goge shi da mai. Tukuna ya tare shi kafin ya tayar.

"Sanƙo, motar nan kada ka hau dogon tudu da ita a cike."

"Tukuna, ni nake zana hanya? Inda aka rubuta min nan nake bi. In kana so in zagaye tudun, je ka ture shi."

"To ka dai ji na faɗa."

"Na ji, uban masu shakka. Kai ko ruwan sama sai ka tace."

Ranar Alhamis da rana tsaka, a tsakiyar dogon tudun da ke bayan gari, injin lamba bakwai ya buga. Mutum hamsin da wani abu suka sauko suka tsaya a rana, da tsofaffi da masu goyo. Sanƙo ya ga tururi, ya ruɗe, ya kai hannu ga murfin lagireto. Ruwan ya kwashe masa fatar hannu daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Da aka jawo motar gareji ni na kwance famfon. Farfelar ta zame gaba ɗaya, ta ci jikin famfon ta ciki har ta yi masa zobe.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ga famfo, ga farfela, ga injin a ƙone, ga mutum a asibiti. Me kuma ya rage a faɗa? Ashe ban san ofis ba.

Washegari wakilin masu kawo kayan ya zo, da farar riga da jaka. Aka kira mu ofis: Tukuna, ni, da mai sito. Wakilin ya juya famfon da bakin biro don kada ya ɓata hannunsa, ya duba nan ya duba can.

"Ina takardar da ke jikinsa?"

Mai sito ya ce da takarda ya bayar. Tukuna ya ce ta ɓalle a ruwa.

"A ruwa?"

"Ruwan zafi. Na gwada shi."

Wakilin ya rufe bironsa. Ya ce duk kayan da aka cire wa shaida, ko aka yi masa wani abin da ba a rubuta a kwali ba, ya fita daga hannunsu. Ya ce wa ya sani ko dafawar ce ta sassauta farfelar.

"Malam," in ji Tukuna, "famfon ruwa ne. A cikin ruwan zafi zai yi rayuwarsa duka. In minti biyar a duro ya kashe shi, da me zai yi shekara a injin?"

"Ni abin da ke rubuce nake bi."

"Ɗan'uwansa yana kan teburina, shi ma haka yake. A ɗauko."

"Shi ma ka dafa shi?"

"Na dafa."

"To ka gani. Shi ma ba shaida ba ne."

"A ɗauko ɗaya daga cikin taran da ke sito. Ku zaɓa da kanku. Ku sa shi a ruwan da hannunku, ni in tsaya can nesa."

Wakilin ya juya wajen Manaja ya ce in aka ƙara sa ko ɗaya a ruwa, sun wanke hannunsu daga kwalin baki ɗaya. Ku duba wannan tsari don Allah. Wanda ba a gwada ba lafiyayye ne tunda ba a gwada shi ba. Wanda aka gwada ya nuna aibi, to gwajin ne ya lalata shi. Ta ina mutum zai bi? Buta ɗaya ta ruwan zafi za ta raba gardamar nan, ga butar ma a kan teburin Manaja yana haɗa shayi da ita, amma manyan mutane biyar suka zauna awa guda suna juya takarda.

Na ce, "Yallaɓai, ni na ɗaura famfon nan. Kai ka ba ni da hannunka. Shi ya ce ba zai ɗaura ba, a nan wurin, a gabana."

Manaja ya dube ni kamar kujera ce ta yi tari. "Ba a tambayi wanda ya ɗaura ba. Wanda ya dafa ake tambaya." Yana ta rubutu tun da muka shigo, amma da nake magana bironsa a ajiye yake. Ya karɓi makullin sito daga hannun mai sito ya jefa a aljihun tebur.

Da yamma aka ba Tukuna takarda a ambulan, aka ce ya je gida ya yi tunani zuwa Litinin.

Ranar Lahadi da la'asar ni da Auta muka je gidansu. Falon ɗan ƙarami ne, kujeru uku da aka lulluɓe da zane, firij da ya gyara sau huɗu yana gurnani a kusurwa, fanka a sama tana juyawa a hankali. Yana iya karatu, amma ya ce harshen ofis yana sa masa ciwon kai, sai ya miƙa wa 'yarsa takardar.

"Likita, karanta mana. Da ƙarfi, Ango ya ji."

Ta karanta. Wai shi mai sa hannu a ƙasa ya amince ya saka sabon kayan kamfani cikin ruwan zafi ba tare da izini ba, wanda hakan ya jawo lalacewar kayan da ƙonewar injin. In ya sa hannu, za a yi masa sassauci saboda daɗewarsa, a mayar da shi wurin wankin motoci. In bai sa ba, kamfani ya sallame shi.

"Tsaya. Koma daga 'wanda hakan'."

Ta sake karantawa.

"Rabin farko gaskiya ne, na dafa. Kawo almakashi in yanke shi in sa hannu a kai, su riƙe sauran."

Babu wanda ya yi dariya sai ita Likitan, ita ma ta haɗiye.

Auta ta matso bakin kujera. "Yaya, don Allah ka sa hannu. Takarda ce fa. Aljihun tebur za ta shiga, wa zai ƙara ganinta? Shekara ashirin da shida! A shekarunka wa zai ɗauke ka? Ga 'yan biyunka ba su gama makaranta ba."

"Auta, in na sa hannu, famfunan nan tara sun warke ke nan. Ni ne ciwon, an cire ni, sai a ɗaura su da bismillah."

"Ko ka sa ko ba ka sa ba ɗaura su za a yi!"

"Na sani. Amma ba da sunana ba."

"Sunan me? Suna ake ci?"

Maman Likita tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Auta, rabu da shi, kada ki ɓata yawunki. Ni shekara talatin nake fama. Mutumin da ya mayar da katifa kanti saboda ɗinki ɗaya ya karkace?" Sai ta juyo kaina. "Ango, kai da ka ɗaura, me ka ce musu?"

"Na faɗa musu, Anti. Na ce ni ne."

"Sun rubuta?"

"Ba su rubuta ba."

"To wa ka gaya wa? Fanka?"

Tukuna ne ya ce, "Bar shi. Da bai ɗaura ba, yau takarda biyu Likita za ta karanta." Na san taimakona yake yi, kuma ban taɓa jin magana ta yi min nauyi kamar wannan ba. Ni da Auta muka kama hanyar komawa har muka kai ƙofar gida. Nan ta ce, "Wana ne fa." Ta shige.

Litinin ya zo da kayan aikinsa a jiki, a wanke a goge. Ya shiga ofis, ya ajiye takardar a kan tebur yadda aka ba shi, ya fito. Bai yi minti ɗaya a ciki ba. Ya tattara sifanoninsa, da famfon keken, da tocila, ya zuba a jakar buhu. A bakin get mai gadi ya tare shi, kansa a ƙasa.

"Malam, ka yafe ni. Cewa aka yi in duba jakarka."

"Duba, aikinka ne. Duba da kyau, har ƙasa."

Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana mayar wa sito ko da ƙusa ɗaya in ta rage, shi aka zazzage wa jaka a ƙasa a gaban direbobi. Ya tsuguna ya tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya. Direbobin da ke yi masa ba'a kullum suka tsaya suna kallo. Da suka ga Manaja ya leƙo ta taga, kowa ya tuna yana da mota.

Ranar aka goge sunansa daga allo. Karon farko ke nan da allon ya kwana babu ja. Duron kuma aka jefa shi kan tarin ƙarafa. Daga nan Tukuna bai wuce gida ba, asibiti ya je wajen Sanƙo. Sanƙo ya gaya min daga baya cewa ya zauna kusan awa guda bai ce "ai na gaya maka" ba, sai da shi Sanƙon ya gaji ya ce, "Tukuna, faɗa mana in huta."

Cikin makonni biyu da suka biyo aka fitar da famfo huɗu daga kwalin aka ɗaura, kowane da takardarsa rawaya lafiya lau a jikinsa. Biyu ni na ɗaura. Manaja da kansa yake miƙowa daga sito, ya tsaya har a rufe. Mai yiwuwa duk huɗun masu kyau ne. Mai yiwuwa ba ko ɗaya. Ban sani ba, Manaja bai sani ba, wakili bai sani ba, kuma dukkanmu mun san yadda ake sani.

Yau da safe, kafin in shiga get, na hango shi a ɗaya gefen titi, kusa da inda fasinja ke jiran mota. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, doguwar riga ce, amma jakar buhun tana rataye a kafaɗarsa. Na tsallaka.

"Yaya, lafiya?"

"Ango. Nawa aka ɗaura?"

"Huɗu."

"Waɗanne motoci?"

Na tsinci guntun kwali a ƙasa na rubuta masa: biyu, tara, sha ɗaya, sha biyar. Ya karanta a hankali, ya ninke ya sa a aljihu.

"Wacce ke hawa dogon tudu yau?"

"Tara."

"Wa ya ɗaura mata?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. Jakar ta yi ƙara da ya gyara mata zama, na leƙa na ga tsohon famfo a naɗe a tsumma, wanda ya kwance ya gyara da kansa, da sifanoni.

"Yaya, sun kore ka fa. In ta tsaya a hanya ka taɓa ta, cewa za su yi kai ne."

"Sun riga sun ce."

Lamba tara ta fito daga get ta tsaya a gabanmu. Direban ya leƙo da kansa. "A'a! Tukuna? Yau kuma ina zuwa?"

"Inda za ka."

Ya bi layi a bayan wata mata mai kwando, ya jira ta hau, shi ma ya hau. Ina kallonsa ta gilashi ya zauna a kujerar da ke bayan direba, ya ajiye jakar tsakanin ƙafafunsa. Motar ta fara tafiya. Ya sunkuyo ta kan kafaɗar direban, ya miƙa hannu, ya goge ƙurar da ke kan agogon zafin injin da bakin hannun rigarsa.